Gilashin Baba Mai Tabo

Jiya ina kakkaɓe akwati na ci karo da dogon gilashin kyamarar Baba, dattijon da ya koya mini ɗaukar hoto a Kakuri lokacin da masaƙa ta sallame mu a shekarun tamanin. Jakarsa har yanzu tana warin man zafin da yake shafawa.

Kyamararsa irin wadda ake sauya wa gilashi ce. Yakan ce, "Kyamara gangar jiki ce, gilashi shi ne ido. Fara zaɓar ido." Ba ya goge shi sai ya hura masa numfashi, ya bi da auduga.

Wani abokin sana'a ya ari gilashin zuwa biki a Kamazou, ya goge shi da bakin riga mai yashi, ya dawo da shi duk ƙarzuwa. Da Baba ya yi magana, sai abokin ya ce a gaban mutane, "Tsoho, idonka ne ya mutu." Baba bai ƙara ɗaukar biki ba.

Ranar jana'izarsa ni na riƙe kyamara a harabar coci. Mutumin da ya ƙarje gilashin ya kutso gaba yana gyara hula don ya fito a hoto. Na buɗe gilashina har ƙarshe, na saita kan akwatin gawa, yadda komai ban da akwatin zai dushe. Fim guda cur, fuskarsa ba ta fito ba sai dishi-dishi. Da ya zo ƙorafi na ce, "Idonka ne ya mutu."

Allah ya ba Baba hutawa. Shi kuwa wancan, Allah ya sa a manta kamanninsa.