Doyar da Kaka Ta Bari Ta Ƙone

A wannan zangon karatu malaminmu na Turanci ya daɗe a kan ƙananan kalmomin da ke ɗaure magana da magana. Ya ce when lokaci take nunawa, because dalili take kawowa, than kuwa awo take yi tsakanin abu biyu. Ni ba mai ɗaga hannu a aji ba ce, don haka na sunkuyar da kai ina rubutu. Amma hankalina ya riga ya koma tsakar gidanmu na unguwar Yelwa a Jalingo, bakin murhun Kaka. Tun ban san Turanci yana da irin waɗannan kalmomi ba ta hore mu a kansu.

Kaka mahaifiyar babana ce. Bayan an ci tuwo, garwashi bai mutu ba, takan jawo 'yar kujerarta mu kewaye ta. Hausarta ta kasuwa ce, da girmanta ta koya, mace da namiji duk "ya" take ce musu idan labari ya yi zafi. Takan buɗe da cewa, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo mu ji ta." Idan ta gama, sai ta sa ɗayanmu ya maimaita. Yayana Bitrus ya fi shan wahala, shi da yake zuba labari kamar ana binsa: sai kura ta zo, sai ta gudu, sai ta faɗi.

"Sai, sai, sai, kamar kana korar kaji," in ji Kaka. "Yaushe ya zo? Saboda me ya gudu? Shi da kare wa ya fi tsoro? Koma baya."

Ni takan kira ni ƙawata mai shiru, domin ina maimaitawa daidai amma sai an matso da kunne.

Ba son birni ne ya kawo ta Jalingo ba. Tana da gonar doya a wani ƙauye a ƙasar Lau, ita da kakanmu suka sare dajin. Da ya rasu, ƙaninsa Baba Yohanna ya zo zaman makoki, ya ce zai riƙe mata gonar da irin doyar da ke rumfa har ta huce. Ta huce, shekaru suka wuce, gona ba ta dawo ba. Matar da take ciyar da masu kwana a gidanta ta koma jiran abin da albashin babana zai saya.

Abin da Baba Yohanna bai lissafa ba shi ne al'adar gidanmu. Ba a cin sabuwar doya sai wanda ya fi kowa shekaru a zuri'a ya fara ɗanɗanawa. Fasto ya sha yin magana a kai, mutane su ce amin, su koma gida su ci gaba da yi. A shekarar da wata tsohuwar gwaggonsu ta rasu, girman ya faɗo kan Kaka.

Baba Yohanna ya iso da yamma a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Ya sauko daga kan mashin da doya ɗaya a nannaɗe cikin buhu, da ganin ƙasar jikinta Kaka ta san gonar da ta fito. Ya durƙusa.

"Yaya, ga ta fari. Yara suna jira."

"Yohanna, ashe ka san hanyar Jalingo. Zauna."

Ta karɓa, ta tura ta cikin garwashi, ta ce baƙuwa na ƙofa. Muka amsa da ƙaramar murya.

Labarin zabuwa ne da gafiya, maƙwabtan juna a gindin wata ƙirya. Lokacin da maharbi ya kashe zabo, gafiya ce ta fara zuwa gaisuwa, har da hawaye. Ta ce wa zabuwa ai mai baƙin ciki ba ta iya kwanci, ta kawo ƙwan a ajiye mata a rami. Zabuwa ta ba ta. Da ta je karɓa, gafiya ta leƙo da ƙwanduwa a gashin baki ta ce wane ƙwai. Zabuwa ba ta yi faɗa ba, saboda ta san haƙorin gafiya ya fi bakinta ƙarfi. Ta jira ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe, samari suka fito farautar gafiya. Suka tura hayaƙi ta bakin ramin. Gafiya tana da ƙofar baya wadda babu wanda ya sani sai maƙwabciya. Zabuwa ta taka a hankali, ta je ta kwanta a kan ƙofar.

"Ba shi ya kira maharba ba," in ji Kaka, tana kallon wuta. "Ba shi ya kunna wuta ba. Kwanciya kawai ya yi, tunda an hana shi kwanciya a kan ƙwai."

Ƙaurin doyar ya fara tashi. Mamana ta miƙa hannu za ta juya ta, Kaka ta ɗora mata sanda a kan hannu. Baba Yohanna ya gyara zama.

"Yaya, tana ƙonewa."

"Ana labari, Yohanna. Ba a koya maka ba?"

Ta ja labarin yadda ba ta taɓa ja ba. Ta kwaikwayi tarin gafiya, ta kwaikwayi roƙonta, ta sa muka rera waƙar da zabuwa take yi a kan ƙofar har muka iya. Bitrus ya tambaya ko zabuwa ta tashi daga baya. Kaka ta ce baƙuwa ta gaji, ta ɗauki takalminta. Sannan ta zaro doyar da sanda, ta ƙwanƙwasa, ta farfashe baƙi ƙirin har ciki.

"Ba ni da haƙorin cin gawayi. Ka kawo wata."

Ina tuna daɗin da na ji. Na sha ganin Kaka tana jiƙa garin rogo da rana tana cewa ba ta jin yunwa sosai, don a bar mana shinkafa.

Baba Yohanna ya koma, ya sake kawo wata, ita ma wuta ta cinye ta a gabansa. Doya tana kwance a gonarsa, gidansa ba mai iya taɓawa, matarsa ta hana ko da ya so. A zuwan da ya biyo baya bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da dattawa biyu na ƙauyen, ya faɗa a gabansu cewa gonar bakin rafi ta Yaya ce, da irin da zai cika ta. Ya ce, "Useko, don Allah, Yaya, ki yi haƙuri." A ranar ba ta yi tatsuniya ba. Ta gasa doyar da kanta, ta kankare, ta gutsiri kaɗan, ta tauna a hankali tana kallonsa. Ta ce gishirin ƙasar bai canza ba.

Damina biyu ta yi a gonarta kafin ta rasu. Can aka binne ta.

Yanzu da na girma nakan auna abin. Lokacin da ta zaɓa ban ga kuskure a ciki ba, dalilinta kuma ko dattawan ba su musa ba. Awon ne yake hana ni sakewa wani lokaci: ko abin da ta rama ya fi abin da aka yi mata, tunda yaran gidan ba su ci ƙwan kowa ba.

Kwanakin baya Rahila, autar Baba Yohanna, ta zo Jalingo neman makaranta, ta sauka a ɗakina. Sa'ata ce. Muna hira ta ce ba za ta manta da daminar nan ba, wai sun yi makonni suna cin dafaffen ganye da ɗan gari, doya na ƙasa suna kallo. Ta faɗa tana dariya, tana jiran in ce Allah sarki.

Na juyo na dube ta. Can na tambaye ta ko ta san abin da Kaka take ci a shekarun da gonar ke hannunsu.

Ta ce ba ta sani ba, ba wanda ya taɓa gaya mata.

Na ce to ta gyara zama, zan gaya mata tun daga farko.