Takalmin da Ya Kayar da Inna Tsundum

Ranar da baƙin farko suka sauka a gidan Inna, a ranar ta samo sunan da ya manne mata har yau. Motar baƙin ta tsaya a bakin titi, don mota ba ta isa ƙofar gidan. Sai dai mutum ya bi gaɓa, 'yar siririyar ganuwar lakar nan da ke tare ruwa tsakanin fangalin shinkafa da ɗan'uwansa. Inna ta fito tarya da tiren shayi a hannu, ta sha sabon zane mai ƙamshin kanti, a ƙafarta kuma wani takalmi mai tudun dunduniya da babban ɗanta ya aiko daga birni. Tana tafe tana washe baki, tana "Sannunku da zuwa, lale lale!" A taku na bakwai dunduniyar dama ta nutse a laka. Ta ce bari ta ciro ta, ta hagu ta bi 'yar'uwarta. Tire ya yi gabas, kofuna suka yi yamma, Inna ta yi tsundum cikin fangali, ta zauna daram, ruwa har ƙugu. Butar shayin kaɗai ta tsira, tana riƙe da ita sama kamar an ce ta ɗaga tuta.

Tela, maƙwabcinta da shagonsa ke kallon gonar, sai da ya ɗinke hannun riga da wuyanta saboda dariya. Kafin rana ta faɗi duk layin ya san Inna Tsundum.

Abin da ya sa faɗuwar ta yi mata ciwo, shekara arba'in da ɗoriya matar nan tana bin gaɓar, ko santsi bai taɓa ɗibarta ba. Ta bi ta da ciki, ta bi ta da goyo, ta bi ta da dami a ka da wani a hammata. Marigayi mijinta mutum ne mai kirki da dogon surutu, shi ya san farashin taki a gari bakwai, amma ita ta san inda ruwa ke zurarewa. Kullum da sassafe, kafin ta hura wuta, sai ta zaga gaɓa kaf ba takalmi, tana danna dunduniya a hankali kamar mai taya jariri barci. Ƙaguwa kan yi rami ta ƙarƙashin gaɓa, ido ba ya gani, sama lafiya lau, ƙasa ruwa na gudu. Amma ƙafar Inna takan ji. Wurin yakan yi ɗan laushi da wani sanyi na daban. Da wannan ƙafa ta ciyar da 'ya'ya huɗu, ta sa su makaranta, har suka yi fiffike suka bar ta da ɗakuna uku da kaji ke ƙwai a ciki.

Babban ɗan, da kowa ke kira Manaja saboda yana kula da wani kantin firiji, ya daɗe yana so ta koma wajensa, hawa na uku, a ba wani gonar. Inna ta taɓa yin sati biyu a can. Ta ce ta wuni tana kallon tankin ruwan maƙwabta ta taga har ta fara gaishe shi. 'Yarta Malama, mai koyarwa, ita ta kawo dabarar saukar baƙi: a share ɗakunan, a sa hotunan gonar a waya, mutanen birni su zo su huta. Manaja ya yarda da ƙyar, da sharaɗi. Damina ɗaya. In shinkafa ta lalace ko Inna ta ji ciwo, ta haɗa kayanta. Sannan ya bi ta da dokoki ta waya.

"Inna, mutanen nan manya ne. Kada ki fito musu ƙafa ba takalmi. Kada su ga laka. A ɓoye turmi, a ɗaure awaki a baya. Na aiko da kujerun roba."

"To, Manaja. Sararin samaniyar fa, in bar shi ko in rufe?"

"Inna, ba wasa nake ba."

Labarin faɗuwa bai kwana ba sai da ya je birni. Wa ya kai? Tela ya rantse ba shi ba ne, ya dai kira Manaja ne kan maganar wani wando. Da safe waya ta yi ƙara.

"Na faɗa miki kin tsufa da wannan wahala. Asabar ina zuwa da mota."

Ranar Talata ce.

Baƙin mutum biyu ne, wani likitan haƙori da ya yi ritaya, mai sanƙo da tabarau, da uwargidansa, doguwa mai son tambaya. Inna ta ƙudura a ranta ba za ta sake ba Manaja abin faɗa ba. Ta wanke takalmin, ta ɗaure ƙafa a ciki, ta zaunar da baƙinta a kujerun roba a tsakar gida, bayansu ga gona, fuskarsu ga bango. Ta kawo shayi. Ta kwashe kofuna. Ta sake kawo shayi. Likita ya shafa kujerar ya ce irinta ce sak a ɗakin jiran asibitinsa. Inna ta ɗauka yabo ne, ta yi godiya.

"Inna, wancan ƙaran mene ne?" in ji uwargidan.

"Ba komai, 'yata."

Akuya ce ke kukan an ɗaure ta a bayan ɗaki.

Kwana biyu ke nan Inna ba ta zaga gaɓa ba. Da takalmi ba za ta iya ba, ba takalmi kuma doka ta hana, ga baƙi masu tashi da wuri kamar an kore su daga gado. Ranar Alhamis ta fito da tire, ta ɗaga ido haka, sai ta ga babban fangalin ƙasa, wanda aka yi wa dashe kwana goma da suka wuce, ba ya ƙyalli. Ruwan ya gudu. Laka ta fito fili ta fara tsattsagewa, 'yan shukokin sun langaɓe kai kamar yaran da aka tsare a rana. In rana ta take a haka, rabin nomanta ya tafi, ita ma ta bi shi zuwa hawa na uku.

Ta kalli gona. Ta kalli baƙi. Ta kalli ƙafarta.

Ta dire tiren a cinyar Likita, ta fizge takalmin ta yi jifa da shi. Ɗaya ya faɗa a kan keken ɗinkin Tela, ɗayan har yau ba a gan shi ba. Ta tattare zane ta hau gaɓa, tana danna dunduniya, ido a lumshe. Da ta waiga sai ga Likita a bayanta, ya naɗe wando, yana tafe yana shanya hannuwa kamar zakara a kan igiya.

"Likita, koma ka zauna, don Allah. Ɗana ya ce kada ku ga laka."

"Inna, awa shida muka yi a mota don mu ga lakar nan. Kwana biyu kin sa mu muna kallon bango."

Ba ta da lokacin mamaki. Can kusa da kwana ta tsaya cak ta ce, "Nan ne." Likita ya gyara tabarau, ya duba, ya ce shi bai ga komai ba. Inna ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin gaɓa har kafaɗa, ta lalubo, ta zaro wata ƙaguwa mai faɗin tafin hannu tana wutsil-wutsil. Uwargidan ta ƙwalla ƙara daga nesa, sannan ta cire nata takalmin ta taho a guje.

Ramin ya ci ciki, ya kai kaurin cinya. Aikin mutum uku ne, kuma mutum ukun ne a wurin. Inna ta manta da batun manya. Ta zama ita.

"Ke, 'yata, ɗebo karan shinkafar can ki zuba a laka ki tattaka. Ba rawa na ce ba, tattakawa! Likita, cura ka miƙo."

"Inna, bar ni da ramin," in ji Likita yana tuɓe agogo. "Shekara talatin ina cike rami a bakin mutane. Wannan ko cizo ba ya yi."

Ya cusa, ta danna, ya shafe bakin da yatsa a hankali har da ja da baya ya duba aikinsa. Inna ta taka wurin, ta sake takawa, ta ce ya yi. Ta haye sama ta buɗe bakin magudana. Ruwa ya taho yana lalube cikin tsagogin laka, ya cika su ɗaya bayan ɗaya, kafin rana ta kai tsaka fangalin ya koma madubi. Da yamma shukokin suka miƙe kamar ba su ba.

Ranar a tabarma aka ci abinci, da hannu, fuska ga gona. Aka fito da turmi, uwargidan ta yi daka har hannunta ya yi kanta tana murna tana nuna wa mijinta. Aka saki awaki, ɗaya ta ci gefen hular Likita. Baƙin da suka zo kwana huɗu suka ce a ƙara musu sati, uwargidan ta hau waya tana gaya wa ƙawayenta su nemi wuri tun kafin girbi. Daga wannan damina ɗakunan Inna ba su sake zama na kaji ba, kuma duk baƙon da ya sauka, abin da yake fara tambaya shi ne yaushe za a zaga gaɓa. Amma kafin a kai ga wannan, akwai Asabar.

Manaja ya iso da hantsi, ya sha guga, takalminsa baƙi na ɗaukar ido. Daga bakin titi ya hango abin da ya kusa tsinka masa jijiya: uwarsa ba takalmi a tsakiyar fangali, babban likita da matarsa a bayanta sun yi duƙun-duƙun suna cirar ciyawa, kujerun robarsa kuma an shanya musu tsumma.

"Inna! Me nake gani haka? Ranka ya daɗe, ku yi haƙuri, tsufa ne."

"Malam, kauce daga hasken, ina aiki," in ji Likita.

Manaja bai ji ba. Ya hau gaɓa da sauri, waya a hannu, yana magana yana nuni. "Dubi hanyar nan! Wannan hanyar mutane ce? Na ce ki haɗa kayanki, wurin nan ya fi ƙarfin mai shekarunki, wata rana sai dai a kira ni a ce..."

Ba a san me za a ce ba. Ƙafarsa ta yi gaba, shi ya yi baya. Tsundum. Ruwa har ƙirji, wayar a sama, daidai yadda uwarsa ta riƙe buta. Daga shagon Tela aka ji keke ya tsaya, sannan aka ji wata dariya kamar ana yanka akuya.

Inna ta tako a hankali, ta tsaya a kansa, ta riƙe ƙugu. Ta ƙare masa kallo tun daga kwalar riga har zuwa inda takalminsa ɗaya ke iyo shi kaɗai.

"Sannu, Manaja. Ni shekara arba'in na yi kafin na faɗi sau ɗaya, shi ma takalminka ne ya kayar da ni. Kai ko taku goma ba ka yi ba. To yanzu tsakanin ni da kai, wa ya kamata a ɗauka a kai hawa na uku a ajiye?"