Garwa Takwas Zuwa Ƙetare

A shekarun da ake maganar mulkin kai, ni da yayana fataucin kananzir muke yi. Jirgin ƙasa na Nguru ke sauke shi garwa-garwa a tashar Gagarawa, mu ɗora wa jakuna huɗu, mu bi ta Gumel da Maigatari mu tsallaka ƙasar da Faransa ke mulka. Iyakar ba wani abin kallo ba ce, tsamiya ce da tarin duwatsu. Jakuna biyu namu ne, biyu na surukin yayana, wani dattijo mai rumfa a can ƙetare. Shi ke sayar da man kwalba-kwalba, har mutanen garin suka fara ajiye fitilar man gyaɗa.

Wata bazara sanƙarau ya shigo Gagarawa. Yayana ya kwanta ranar Talata da ciwon kai, ranar Alhamis muka binne shi. Matarsa tana can gidan iyayenta goyon ciki, ba ta sani ba.

Ban yi kuka ba. Jirgi ya zo, na je na karɓi garwa takwas, na ɗaure, na kora jakuna. Ban tuna ko na ci abinci a hanya ba. A Maigatari ana tambayata ina yayana, ina ba da amsa kamar mai faɗin inda rijiya take.

Na tarar da dattijon a rumfa. Sai da na sauke kaya na jera, na shayar da jakuna. Shi kuwa yana ta leƙen hanya.

"Kai kaɗai ne?"

"Ni kaɗai ne, Baba. Ya rasu, yau kwana biyar."

Ya yi salati, ya zauna a kan garwa, ya daɗe. Can ya ce in shiga in gaya wa 'yarsa. Na ce ba zan iya ba, sai ya shiga da kansa. Ina jin kukan ta bayan danga lokacin da wata tsohuwa ta zo da kwalba. Na huda garwa na cika mata, ko ɗigo bai zube ba.

Da zan koma, ya ce jakunansa su zauna a hannuna, babu wani mai kawo musu mai. Na ce to. Shekara shida na yi ina bin hanyar nan ni kaɗai, har motoci suka fara kai man, sannan na koma gona.