Dattin Inna Tsaf

"Ke ma kin ji warin?"

"Ba wari ba ne, danshi ne. Tun daga matakala yake tarbar mutum."

"Gidan Tsaf? Haba dai!"

"Da idona na gani. Na shiga banɗakinta, tukwanen shuka har bakin ƙofa, ganyen duk ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyasbi. Bango kuwa gumi yake yi."

"Allah sarki. Tsufa ke nan, ba ya sallama."

Wadda maƙwabtan suke maganarta a matakala tana tsaye bayan ƙofarta da kwalbar feshi a hannu, kuma ba abin da ya wuce kunnenta.

Sunan Tsaf ba gadonsa ta yi ba, da gwiwoyinta ta saye shi. Tun tana budurwa take goge ɗakunan wani asibiti, har ranar da ƙafafun suka ce sun gaji. Da ta yi ritaya sai ta kwaso asibitin ta dawo da shi gida. Ba ta taɓa ce wa maƙwabciya ƙazama ba. Takan dai shiga gidan mutum, ana cikin gaisawa ta ja yatsa a bakin taga, ta dubi yatsan, ta ci gaba da tambayar yara. Mijinta, tsohon direban bas, yakan ce shi yana ɗan motsawa a kujera ne lokaci-lokaci don kada a ɗauka kayan ɗaki ne a haɗa da shi a goge.

Autarsu tana karatun tsirrai a jami'a. Ta bi malamanta wani daji inda ruwan sama ba ya dogon hutu, suka dawo da ƙananan shuke-shuke a tukwane. Ana nan injin da ke fesa musu raɓa a makaranta ya lalace, Auta ta kwaso nata ta jera a banɗakin gida, ta fita sayen wani abu.

Tsaf ta shiga ta gan su, tausayi ya kama ta. Ta ɗauko tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, ta bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, ciki da baya, har suka riƙa ƙyalli. Tukwanen da ke lungun bayan bokiti ne kaɗai suka tsira, su ma don bayanta ya riƙe ne.

Auta ba ta yi ihu ba. Ta kife bokitin ta zauna a kai.

"Inna, kin goge mini karatuna."

"Ni? Ga shukarki nan, ta fi yadda kika kawo ta kyau."

"Ba shukar nake karantawa ba. Dattin nake karantawa."

Ta ciro wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu, ta ɗora a kan ganyen da ya tsira. Tsaf ta sunkuya. Abin da ta ɗauka tabo ne sai ga shi ƙananan faya-fayai jere, toka-toka da kore, wasu da baki ruwan goro, kowanne da tsarinsa kamar an yi musu awo.

"Halitta biyu ce a nan," in ji Auta. "Funfuna da gansakuka suka haɗa gida. Ɗaya ta ba da ɗaki, ɗaya tana girki da hasken rana. A kan ɗanyen ganye kawai suke rayuwa, kuma sai inda danshi ba ya yankewa."

"Ba su cin ganyen?"

"Ba su ci. Zama kawai suke yi a kansa, ba su tsinana masa komai."

"Idan da ni kuke, ina jinku," in ji maigidan daga falo.

Abin da ya rage shi ne, idan waɗanda suka tsira suka rayu har ƙarshen zango, Auta za ta gama. Idan suka mutu, sai ta maimaita shekara. Ta koma makaranta ta bar wa uwarta dokoki: ban da sabulu, ban da maganin kashe ƙwayoyi, ban da barin ƙofa a buɗe, feshi safe da yamma, kuma kada tsumma ya kusanci ganye.

Tsaf ba ta iya rabin aiki ba. Yadda ta yi shekaru tana yaƙar danshi, haka ta shiga kiwonsa. Ta toshe ƙasan ƙofa da tsohon zane. Ta hana maigida wanka da sabulu a ciki, ta mayar da shi wanka a baho a kicin. Bango ya yi baƙi a kusurwa, tana gani, hannunta yana ƙaiƙayi, sai ta naɗe shi a gefen zani. Ba ta kuma gaya wa kowa dalili ba, don ta gwammace a ce ta tsufa da a ce tsummanta ya taɓa yin ɓarna.

Washegarin hirar matakala aka ƙwanƙwasa ƙofa da hantsi. Matan bene ne gaba ɗaya, da bokitai da buroshi. A gaba matar tela, wadda tagarta ta fi kowace shan yatsa.

"Inna, zauna ki huta," ta ce, fuskarta kamar an ba ta kyauta. "Ai tsoho na kowa ne. Yau mu za mu yi miki."

"Na gode, 'yar nan, amma ba..."

"Haba, kunyar me? Kowa yana gajiya. Mu ma da ke muka koya."

Kafin Tsaf ta ja ƙafa, matar tela ta tura ƙofar banɗaki, ta tsaya tana kallon bangon a hankali. Sannan ta ja yatsa a kai, ta dubi yatsan, ta tambayi lafiyar Auta. Wata a baya ta yi tarin da ba tari ba.

Tsaf ta haɗiye wannan. Amma da ta ga jiƙaƙƙen tsumma ya nufi tukwanen lungu, sai ta kutsa ta tsaya tsakani, ta ware hannuwa kamar kaza a kan 'ya'yanta.

"Wancan ƙyallin da kuke gani, ni na yi shi, kuma shi ne ɓarnar," ta ce. "Wannan mai ƙyasbin shi ne karatun Auta. Ku je ku faɗa a matakala, na yarda. Amma ke matar tela, don girman Allah ki sauke tsumman nan, ki ja mini ƙofar kada danshin ya fita. Ku bar mini dattina."