Ƙurar Birki a Ƙirjin Ɗayyabu

Duk direban akori-kurar da ke jigilar hatsi tsakanin Gwaram da Birnin Kudu ya san Malam Ɗayyabu mai gyaran birki. Tun yana saurayi sana'arsa ke nan a bakin tasha. Idan ya kwance tayar baya ya zare kwanon birki, sai ga takalma biyun nan da ke buɗewa daga ciki su riƙe kwanon, sun yi baƙi ƙirin da ƙura. Kafin ya taɓa komai sai ya sunkuya ya hure ta da baki, yadda maigidansa ya koya masa. Yakan ce tsumma ɓata lokaci ne.

Ashe ƙurar ba ta je ko'ina ba, a ƙirjinsa ta tare. Yanzu tari ya zaunar da shi a zaure, ko masallacin unguwa sai ya huta a hanya.

Jiya da hantsi jikarsa Rufaida ta shigo tana murza ido, ta ce, "Kaka, ƙasa ta faɗa mini, hure mini."

Ya buɗe idon da yatsu biyu, ya ja numfashi, ya tara leɓe. Ko gashin idonta bai motsa ba.

Ta ce, "Kaka, ka hura mana."