Tasar da na sato daga Argungu

Ana sallame sallar asuba muka bar Gwadangaji da ke gefen Birnin Kebbi, ni da wani abokin aikina, a wata tsohuwar Fijo da sai an tura take tashi. Kuɗin mota ya ninka tun da aka ba mu jiha, ramukan hanya kuwa suna nan yadda muka san su. A Zauro shinkafa ta yi kore shar, amma hankalina ba ya wurin. Yayata ce ta aiko daga Argungu cewa 'yarta mai shekara shida tana ta amai, hannunta yana rawa.

Aikina kula da fararen ɓeraye ne a ɗakin bincike na wata makaranta. Wata uku ina zuba wa wasunsu ruwan da aka narka sinadarin jan ƙarfe a ciki. Da idona na ga sun rame, suna zagaye keji kamar sun manta hanya. Malamin da ke binciken ya aika ƙwaƙwalensu aka duba, ya ce mini ɓarnar ta kai har cikin ƙwayoyin halittarsu. Ni ke kwashe gawarwakin da safe.

Mun isa da hantsi. Abokina ya tsaya tasha yana cin soyayyen kifi, ni na wuce gida. Yarinyar na kwance a tabarma, ta kasa riƙe ludayi. Yaya ta ce kullum kunun tsamiya take dama mata. Ta jawo tasar da take jiƙa tsamiyar. Tasar jan ƙarfe ce ta marigayiya innarmu, wadda ake cewa mai albarka, ba a fito da ita sai ga mara lafiya. Tsamiya ta kwana a ciki, gefen ya yi kore, ruwan ma ya sauya launi.

Na yi mata bayanin ɓerayena, a hankali. Ashe na yi ɓaranɓarama. A nan kusu ake ce wa ɓera, kuma ba a haɗa shi da mutum ko da wasa.

"Ɗiyata kaka haɗawa da kusu?" in ji ta. "Tasar inna ce guba? Boko ya cinye ka!"

Da ƙyar mijinta ya yarda muka kai yarinyar asibiti. Likita ya ce ba shi da abin auna jan ƙarfe a jini, kuma ɓera daban mutum daban, amma a daina jiƙa tsami a tasar nan take. Yaya ta ce to, irin to ɗin da na sani tun muna yara.

Da muka koma gida ta shiga alwala, na ɗauke tasar na cusa a jakata. Wallahi kunya ta kama ni, ban taɓa sata ba sai ranar.

Mun dawo Birnin Kebbi da la'asar. Abin da na koyo shi ne, sanin gaskiya daban, iya faɗa wa naka daban. Ni ban iya ba. Daga baya an ce aman ya tsaya, hannun bai daina rawa ba. Yaya ta aiko cewa kada in sake taka gidanta sai da tasar inna. Tasar tana ƙarƙashin gadona, kuma ba zan mayar ba.