Baba Sidiki, Wanda Ya Rabu Da Gishiri

Ranar Talata, 13 ga Mayu 2025, na tsaya ƙofar gidanka a Nyohini na ɗaga murya yadda na saba shekara talatin: "Tsoho, ka mutu ne ko kana barci?" Matarka Mma Azeta ta fito ta dube ni, ta ce, "Tahidu, yau ka canka." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bakina ya sha jawo mini, amma bai taɓa kayar da ni irin ta ranar ba.

Baba Sidiki, ka zo mana Tamale da jaka ɗaya da Hausar da ba ta kai ta sayen koko ba. Ka kafa gyaran keke a bakin hanya. 'Ya'yana biyar duk a kekunan da ka ɗinke suka yi makaranta, in na kawo maganar biya ka ce in tafi in koyi hankali tukuna. Har yau ban koya ba.

Ba ka cin gishiri. Na yi ta tsokanarka, ina cewa miyarka ko akuya ta ƙi. Wata rana ka buɗe mini tafin hannunka, yatsu a kanannaɗe. Ashe malamin makaranta ne kai a ƙasarku, ka sa hannu a takardar koke, sojoji suka kai ka hamada haƙar gishiri shekara bakwai. Ka ce, "Na ci rabona na duniya." Daga ranar ban sake tsokanar miyarka ba.

Mutum ashirin da uku kuka binne a can, ba ko alamar kabari. Duk Juma'a kana kiran sunayensu cikin addu'a. Da ƙwaƙwalwa ta fara yi maka gardama, ka ce in rubuta, tunda na cika unguwa da cewa na yi boko. Aji huɗu na yi. Kana faɗa ina ɓata haruffa, kana dariya har da tari. Muka kai goma sha huɗu, na ce gobe, domin ana buga ƙwallo. Goben nan ta yi wata takwas.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da abokan wahalarka a Aljanna. Mma Azeta, Faridatu babbar 'yar Baba da ƙannenki, Allah Ya ba ku haƙuri, ku kuma yafe mini.

Saura suna tara, Baba. Mma Azeta ta tuna biyu. An ce akwai wani tsoho a zangon Kumasi da kuka yi zaman can tare. Ranar Asabar zan hau mota, Allah Ya sa in same shi da rai.